Ragamar da Ban Miƙa wa Yayana Ba

Likita ya duba idona na hagu ya ce yanar ta nuna, sai an cire ta a Damagaram, kuma in shirya zaman wata guda a can, don ba ya so in dawo Gure in shiga rana da iska tun wurin bai warke ba. Wuƙar ba ta ba ni tsoro ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai, tun ban tashi daga kujerarsa ba, shi ne wa zan bar wa dokina.

Wanda bai taɓa ɗaure doki ba zai ce wannan ma abin tunani ne? Ai akuya ce ake bar wa maƙwabci a ce ya riƙa watsa mata dusa. Doki ba haka yake ba. Yana son hatsinsa a kan lokaci, da ruwa sau uku in ana zafi, da 'yar kanwa, a share masa ƙarƙashi, a fita da shi ya miƙe ƙafa ko da zagayen unguwa ne. Nawa akawal ne, baƙi wuluk, ga shi da tsirfa, in ruwa ya kwana a daro sai ya sunsuna ya kau da kai. Maiɗakina za ta bi ni jinya, 'ya'ya kuwa duk sun watse neman abinci, wani Yamai, wani Diffa. Tun da na ajiye aikin koyarwa a lakwal ni kaɗai nake yi masa komai.

Gida uku ne tsakanina da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara ɗora ni a kan doki, shi ya koya mini ɗaure majayi. Da a ce abubuwa suna yadda suke a da, da ba sai na yi shawara da kowa ba, jan ragama kawai zan yi in shiga gidansa in ce ga amana. To amma a lokacin shekara bakwai ke nan da aka raba Yaya da dawaki, kuma da hannuna na rubuta takardar.

Yana da wani kili a da, fari mai dogon wuya, wanda in ya shigo filin sukuwa ranar Lahadi har masu sayar da ruwa suke ajiye bido su kalla. Sai aka yi wata shekara da damina ta yi gardama. Gonarsa ta wajen Gamu ba ta ba shi abin kirki ba, fataucin dabinon da yake taɓawa shi ma ya tsaya. Ana shiga rani muka daina ganin kilin. Da muka tambaya ya ce ya aika da shi wani kwari a wajen Bune, wurin amininsa, ya ci ɗanyar ciyawa. Ana yin haka, ba wanda ya kawo komai a ransa. Kowace Lahadi yana zuwa fili da babbar rigarsa, ya zauna a cikinmu, ya kushe zaman wannan a kan sirdi, ya yaba gudun wancan.

Ashe dokin bai je ko'ina ba. Yaya ya tumɓuke turken daga tsakar gida ya kafa shi a lungu bayan rumbu, ya kewaye da zana ninki biyu, ya ja wa matarsa kunne.

Dole in yi bayanin wannan, don baƙo zai ce hauka ce. A wurinmu, in mai doki ya kai dokinsa kasuwa a shekarar wahala, ya yi wa gari shela cewa gidansa ba kome. Za a riƙa yi masa sannu a hanya da wata irin murya mai taushi wadda ta fi zagi ciwo. Masu neman 'yarsa za su sake lissafi. In kuwa ya je gidan wani ya ce a taimaka masa da abin da zai ba doki, ya fi haka zubewa, balle a ce wurin ƙanensa ya je. Kowa a cikinmu ya san wannan nauyin, ni ma na san shi. Yaya ya ga ya samo dabara: ya ɓoye dokin har ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, ya murmure, sannan ya fito da shi ya ce ga shi ya dawo daga Bune. Da farko yana raba masa hatsin gida. Da hatsi ya ja baya ya koma ƙaiƙayi da tsohon kara. Daga baya ban san abin da yake ba shi ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Dokin ne ya tona wa kansa asiri. Ya cinye zanar har ya huda ta, ya zura kai cikin gidan maƙwabta yana neman harawar awakinsu. Matar gidan ta juyo ta ga kai ba nama, sai idanu, ta ƙwalla ƙara. Kafin azahar likitan dabbobi ya zo, jandarma sun zo. Ina cikin aji aka aiko mini.

Ba zan tsawaita abin da na gani ba. Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga bakin lungu. Igiyar ƙafa ta nutse cikin nama ta yi gyambo, kofatai sun yi tsawo sun lanƙwashe saboda wata da watanni bai taka ko'ina ba. Ya gwaigwaye turken har kusan rabi. A amalanke muka ɗauke shi zuwa gidana, mutum shida. Na yi ta ba shi kunun dusa kaɗan-kaɗan yadda likita ya ce, ina wanke ciwon safe da yamma. Kwana tara ya yi, rana ta goma da hantsi ya miƙe ƙafafu.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba, kuma rabin fushin da kaina nake. Rumbuna da hatsi a shekarar, ga albashi yana shigowa. Sau biyar a yini nake wuce ƙofar Yaya zuwa masallaci, mu gaisa, in ce ina labarin kili, ya ce yana can yana ƙiba. Ni kuwa da ake kira mai ilimi ban taɓa cewa bari in leƙa ba.

Alƙali ya same shi da laifi, ya ci shi tara, ya yi masa ɗaurin talala. Mu kuma masu dawaki muka taru a gindin bishiyar bedin da ke bakin fili, inda muke zama. Shugabanmu wani dattijo ne, tsohon fatake na kanwa, mai magana a hankali kamar yana auna ta da tiya. Aka daɗe ana ja. Wasu suka ce ai shari'a ta gama aikinta, mutum ya biya, me kuma ake nema? Dattijon ya ce alƙali ya yi hukunci a kan dokin da ya mutu, mu kuwa namu shi ne dokin da zai zo bayansa. Aka tsaya a kan cewa duk wanda shari'a ta kama da wulaƙanta doki, ba ya hawa a filinmu, ba a sayar masa, ba a ara masa, ba a ba shi kiwo, ba a kiransa rakiyar ango. Aka aika wa dillalan Kelle da Bune da Gamu. Da yake ni ne mushe a cikinsu, wato malamin makaranta, aka miƙo mini takarda da alƙalami. Na rubuta, ban yi wata-wata ba.

Yaya bai yi jayayya ba. Zumunci kuma bai yanke ba, mun ci gaba da haɗuwa a suna da biki da jana'iza, 'ya'yansa na shiga gidana su ci su sha. Zancen doki ne kawai ya mutu a tsakaninmu. Da shekaru suka tura sai na fara hango shi ranar Lahadi can kan tudun yashi, nesa da taro, zaune shi kaɗai yana kallon sukuwa. Gemunsa ya yi fari a idona. Fushina ya huce tuntuni, tausayi ya maye wurinsa, kuma tausayin ya fi fushin wahalar ɗauka.

Ana nan sai maganar aikin idona ta bazu, don a Gure ko tari ka yi a ɗaka sai an yi maka sannu a kasuwa. Kwana huɗu kafin tafiyata dattijon nan ya aiko in zo. Na same shi a zaurensa yana jan carbi.

Ya ce, "Mushe, wanka ya zo wurina. Ya ce shekara bakwai ta isa horo. Mun zamna da mutane mun yi magana. Kai ka yi jinyar dokin nan, kai ka gina mishi rami. In ka iya miƙa mishi ragamar naka ya riƙe maka wata guda, mu ba mu da ta cewa, sai a shahe sunanshi. In ba ka iya ba, magana ta tsaya inda take."

Na ce, "Baba, wato kun sauke tukunya daga wuta kun aza mini a ka."

Ya yi murmushi ya ce, "Kai ka hi mu sanin shi."

Na fito ina ƙunƙuni. Tsofaffinmu gwanaye ne wajen wannan, su yanke hukunci su bar wa wani zafinsa. Amma gaskiya ita ce ina so in ce e. Ina so ƙwarai. Na gaji da hango yayana a kan tudu. Maiɗakina ma ta ce mini, "Malam, ɗan'uwanka ne hwa. Wata guda ne, ba shekara ba." Na kwana biyu ina juya maganar, a rana ta uku bayan la'asar na tafi gidansa da niyyar in amince.

Na tarar ya riga ni shiri. Ya kafa sabon turke na aduwa a tsakiyar gida, daidai inda duk mai wucewa zai hango ta ƙofa. Ya sa an kwaso farin yashi daga tudu an shimfiɗa, ya yi rumfa, harawar wake jibge a kanta har tana zubowa, don bana gonarsa ta yi kyau. Ga buhun hatsi a jingine, ga kanwa a ƙwarya. Ya riƙa zagayawa da ni yana nuna mini kamar mai nuna ɗakin amarya, yana cewa nan inuwa take faɗawa da rana, nan zan aje daro. Rabon da in ji muryarsa da irin wannan armashi har na manta. Idona mai lafiyar ya kawo ruwa, na fake da cewa ciwon ne.

Muka zauna a tabarma, matarsa ta kawo fura ta koma ciki. Na sha, na ajiye ludayi. Ban zo da niyyar yi masa jarrabawa ba, tambayar fitowa kawai ta yi.

Na ce, "Yaya, in aikin bai yi daidai ba aka riƙe ni wata ukku, harawar nan ta ƙare, wa za ka gaya ma?"

Ya ce, "Ba ta ƙarewa. Ka dube ta mana."

"In ta ƙare hwa?"

"Ga hatsi."

"In shekara ta sake yin yadda ta yi wancan karon? Ba nawa nike nuhi ba, naka, wanda za ka saya in an buɗe maka hanya."

Ya dube ni ya yi 'yar dariya. "Mushe, ni ba ɗan lakwal ɗinka ba ne da za ka tsare ni da tambaya. Allah shi ke ciyarwa."

Na ce, "Haka ne. Amma in ka wayi gari ba abin ba shi, za ka taka ka je wurin Baba, ko wurin wani cikinmu, ka ce ga halin da kake ciki?"

Fuskarsa ta canza, ba fushi ba, mamaki. Ya ce, "Ni? In tahi ƙohwar wani da girmana in ce dokina na jin yunwa? Allah shi ruhe mana asiri dai."

"Ko wurina?"

"Haba. Kai da na goya?"

Ya faɗe ta a sauƙaƙe, ya ɗauki ludayi ya ci gaba da shan furarsa. Bai ma san ya ba ni amsa ba. Shi kuwa sai ya ɗauka tsohon zancen nake tunawa, ya sassauta murya ya ce mini shekara bakwai bai manta ranar nan ba, yadda aka fito da dokin a amalanke da rana tsaka, gari duka yana kallo, mata a kan katanga. Ya ce ko maƙiyinsa ba ya yi wa fatan wannan kunyar.

Na jira ya ce wani abu a kan dokin kansa, a kan watannin da ya yi a lungu yana cin icce. Na ba shi lokaci, har na sake ɗaukar ludayi don kada in katse shi. Bai ce ba. Ba na cewa ba ya jin abin a ransa. Na san yayana, akwai maganar da ko za a yanka shi ba za ta fito ba, kuma mai yiwuwa wannan tana ciki. Sai dai irin wannan shirun ne ya kashe kili. Yaya bai taɓa dukan doki ba a rayuwarsa, bai taɓa ƙin dabba ba. Ya fi kowa a cikinmu son su. Abu ɗaya ne ba zai iya ba, ya buɗe baki ya ce ba ni da shi, kuma shekara bakwai ba ta taɓa wannan ba. Wata gudan da zai riƙe nawa lafiya lau zai wuce, na tabbata, da ya dawo mini da shi yana sheƙi. Amma daga nan sai a shafe sunansa, ya sayi nasa, kuma a ƙasarmu shekarar wahala ba ta daɗewa ba ta zagayo ba.

Ban iya gaya masa a wurin ba. Na yi godiyar fura na ce sai da safe. Ragonta ce, na sani, kuma ta sa abin ya fi muni.

Washegari da hantsi na kwance akawal, na ɗora masa buhun hatsinsa, na ja shi zuwa gidan wani abokina maɗinki a bayan kasuwa, wanda yake da goɗiya da wurin ɗauri biyu. Hanyar ta ƙofar Yaya take bi. Tun daga nesa na gan shi a tsaye, ya cire ƙyauren gaba ɗaya ya jingine don doki ya shiga ba tare da buhun ya goga ba. Ya sa riga mai tsabta.

Na tsaya a gabansa. Na ce, "Yaya, ba nan zan kawo shi ba."

Ya dube ni, ya dubi dokin, ya sake dubana. Na shirya wa faɗa, har ina fatan ya yi, don da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Ya ce, "To."

Akawal ya miƙa wuya yana sunsunar rigarsa, wataƙila ƙanshin harawa ya ji. Hannun Yaya ya taso da kansa zai shafa goshin, sai ya tsaya a hanya, ya mai da hannuwansa biyu baya ya haɗe su. Ya ce, "Allah shi ba da sa'ar aiki. Ka bi abin da likita ya ce, ido ba abin wasa ba ne." Ya juya ya ɗauki ƙyauren yana ƙoƙarin mai da shi, shi kaɗai, ga nauyi. Ragama na hannuna, ban iya saki in kama masa ba. Na ja doki na wuce.

Aiki ya yi kyau. Kwana talatin da 'yan kai na yi a Damagaram, na dawo ina ganin zaren allura. Ko gida ban zauna ba na tafi wurin maɗinki. Na sami akawal ya yi ɓul-ɓul, ga harawa jibge a kan rumfar abokina, wadda na san ba da ita na bar shi ba. Na tambaye shi. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce kwana uku da tafiyata aka kawo ta a amalanke, sawu biyu, har da buhun hatsi da ƙwaryar kanwa. Daga gidan Yaya. An ce masa kada ya kuskura ya gaya mini.

Maganar ta kai kunnen dattijon, ya tare ni ranar Lahadi a gindin bedi ya ce, "Ka ji abin da wanka ya yi. Ko ka sake shawara?" Na ce masa kyauta ba ta taɓa yi wa Yaya wuya ba, tun muna yara shi mai bayarwa ne, kuma ba a kanta muka raba shi da dawaki ba. Ya gyaɗa kai.

Da yamma na je yi wa Yaya godiya. Na same shi a dakalin ƙofar gida. Ya tashi ya kama kaina da hannu biyu ya juya ni wajen haske yana duba idon, ya yi hamdala. Da na kawo zancen harawa sai ya ce shi bai san wannan magana ba, wataƙila maɗinki ya ruɗe ne. Na ce to. Na leƙa ta ƙofa na ga an cire turken, an baje yashin, jikokinsa suna wasa a wurin.

Muka zauna muna hirar farashin wake da ciwon gwiwarsa har aka kira magariba, muka tashi tare. Shekara biyu ke nan da wannan. Yaya bai sake zuwa wurin dattijon ba, kuma ya daina hawa tudu ranar Lahadi. Ya tsufa sosai yanzu, ko an buɗe masa hanya ban san ko ƙafarsa za ta kai likkafa ba. Na san ni na rufe masa damar ƙarshe da yake da ita, abin yana damuna kullum, kuma in aka sake tambayata gobe amsar da zan bayar ke nan.